Mai Agogo da Shirun Bayan Bango

A duk gidan hayar nan mai hawa biyu babu wanda zai ce maka yana son Mai Agogo, ita ma kuma ba ta taɓa roƙon kowa ya so ta ba. Tsohuwa ce doguwa, busasshiya, kullum cikin sauri kamar za ta je ta kama wani da laifi. Sunan ya biyo ta ne saboda wani ɗan agogo irin na ma'aikatan asibiti da take maƙalawa a gaban riga, kansa a ƙasa, yadda in ta sunkuya za ta karanta shi. Shekara tara ke nan da barinta aiki, amma ko shara za ta fitar sai da agogon nan. Yaran gidan suna cewa da shi take wanka.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a ɗakin da ake ajiye mutum bayan tiyata, kafin allurar barci ta sake shi. Aikin ba na hira ba ne. Za ta ja kujera ta zauna kusa da gado, idonta ɗaya a kan ƙirjin mai jinya, ɗaya a kan agogo, tana ƙirga sau nawa ƙirjin ya ɗaga a minti guda. In numfashi ya tsaya, ita ce za ta tura haɓar mutum sama ta buɗe masa hanyar iska. Duk wanda ta yi wa wannan hidima yana cikin magagi, in ya farfaɗo an riga an tura shi wani ɗakin, wata ce can za ta karɓi godiyar. Haka ta saba da rashin godiya har ta daina tsammaninta daga kowa, ta kuma daina yi wa kowa. Kunnenta kuwa bai yi ritaya ba. Ko a layin asibiti ta zauna kusa da mutum, kafin ya gama gaishe ta ta san sau nawa yake numfashi.

Babban abokin gabarta a duniya yana kwana ƙasa da taku ɗaya daga kanta. Mai gidan hayar, don haɗama, ya raba sashe ɗaya gida biyu da bangon katako, ya shafa masa fenti ya ce ya yi gini. Kan gadon Mai Agogo yana jingine da bangon ta nan, kan gadon Direba yana jingine da shi ta can. Direban bas ɗin wata makarantar yara ne, ƙaton mutum mai kaurin wuya, wanda maɓallin rigarsa na sama bai taɓa rufuwa ba.

Tun makon da ya tare suka daina ga-maciji. Ya ajiye bas ɗinsa daidai ƙarƙashin tagarta, da sassafe ya tayar da inji yana ɗumama shi, hayaƙin ya turnuƙe fararen kayan aikinta da ta shanya. Sai ta ɗauko ruwan wanki ta sheƙa wa gilashin motar daga bene. Washegari ta tarar an kwance igiyar shanyarta an ɗaure ta a bayan banɗaki. Daga nan aka buɗe littafi. Sau huɗu tana rubuta wa mai gida takardar ƙara a kansa, sau ɗaya a kan hayaƙi, sau ɗaya a kan rediyonsa, sau biyu a kan abin da ita kanta ta manta. Shi yana kiranta Shugabar Sa-ido, ita tana kiransa Janareta. In suka haɗu a matakala, kowa sai ya ga wani abin sha'awa a jikin bango. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana haka.

Sunan Janareta kuwa ba zalunci ba ne, ya ci shi. Ƙarfe shida yake fita ya kwaso yara, tara da rabi ya dawo ya ajiye bas, ya hau gado ya kwanta sai sha biyu da rabi, sannan ya koma ya ɗauko su. A wannan barcin na hantsi, har kwanukan da ke kan kantar Mai Agogo suna amsawa. Shekarun farko minsharin nasa mai tsari ne, a ja a saki, a ja a saki, kamar mai zarto da ya san aikinsa. Wannan bai dame ta ba sai ta fuskar haushi. Takan ɗauki takalmi ta ƙwanƙwasa bango, ya juya, a samu sauƙin minti goma.

Daga baya ne abin ya canza. Minsharin zai yi ta hawa, yana ƙara kauri, sai kwatsam ya yanke kamar an toshe bakin tulu. Shiru. Ba shirun wanda ya juya ya gyara kwanciya ba, don da haka ne da ta ji siririn numfashi ta cikin katakon. Wannan babu komai a cikinsa. Can sai ya ɓarke da wani gurnani, yana shaƙar iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, gadon ya yi ƙara, sannan a koma zarto. Ranar da ta fara lura, tana tsintar shinkafa ne, sai ta ga hannunta ya tsaya, idonta yana kan agogo ba tare da ta aike shi ba. Sakan ashirin da biyu. Na gaba sakan talatin da ɗaya. Ta ajiye farantin, don ta san wannan shirun, a gadonta ta taɓa kwana da shi.

Mijinta ma'aikacin gidan waya ne, mai jiki, mai haƙuri, kuma mai minshari. Don gudun minsharin nan ta riƙa neman a sa ta aikin dare, tana wa abokan aiki dariya cewa gara marasa lafiya da mai lafiyar gidanta. Kullum da safe sai ya ce kansa na ciwo, ta miƙa masa ƙwaya biyu ta ce ragwanci ne. In ya yi gyangyaɗi a kan abinci ta ce ya mai da barci sana'a. Hawan jininsa ya ƙi jin magani, ta ce gishiri ne yake ci a ɓoye. Wata safiya ta dawo daga aiki ta same shi a ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, bai yi kwana uku ba ya rasu. Sai bayan shekara biyu ta ji wani matashin likita yana koya wa ɗalibai a gefen gado cewa akwai masu minsharin da maƙoshinsu ke rufewa cikin barci, numfashi ya yi ta ɗaukewa yana dawowa, jini ya hau, zuciya ta gaji. Ya jero alamomin ɗaya bayan ɗaya, kamar ya zauna a gidanta. Ta shiga ɗakin ajiyar zannuwa ta rufe ƙofa ta yi kuka. Ita da ta ƙirga numfashin dubban baƙi, ba ta taɓa ƙirga na mijinta ba. Wannan abu ya ci ta, kuma bai daina cinta ba.

Duk da haka, kada a yi mata shaidar da ba ta kai ba. Da ta gane abin da ke damun Direba, cewa ta yi a ranta can ta matse masa, yana da mata, yana da 'yan'uwa. Abin da kawai ta yi shi ne ta juya tsohuwar kalanda tana rubuta lambobi a bayanta, don hannunta bai iya jin shiru ya ƙyale ba. Wata uku tana haka ba ta gaya wa kowa ba.

Jikarta ce ta tayar da maganar. Yarinyar shekararta bakwai, a makarantar da Direba ke wa tuƙi take, kuma ita ce ta ƙarshen sauka daga bas, don a wurin kakarta take wuni har uwarta ta tashi daga aiki. Ran nan tana cin abinci tana kaɗa ƙafa, ta ce,

"Kaka, yau ni na ci wasan."

"Wane wasa kuma, ƙawata?"

"Wasan kore. In mun tsaya a danja, Baba Direba sai ya sa kansa a sitiyari. In fitila ta yi kore duk wanda ya riga cewa 'Baba, ta yi kore!' shi ya ci. Yau sau biyu na ci."

Mai Agogo ta matso kusa da ita. "Kullum kuke wannan wasan?"

"Kullum mana. Jiya ma ba a danja ba ne, muna cikin tafiya kansa ya yi ƙasa, motar ta hau dakalin titi, muka yi ta dariya. Ya ce rami ya kauce wa."

"Malamar da ke raka ku fa?"

"Ai ita tun a tsayawa ta biyu take sauka."

Tsohuwar ta duba ta taga. Bas ɗin na nan ƙarƙashinta, kujeru talatin, kowace da ɗan wani. Tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun tana sabuwar ma'aikaciya.

Washegari da hantsi, da zarto ya fara, ta ɗauki kalandarta ta zagaya ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba. Matar Direba ta buɗe, mace mai sanyin hali wadda shekara goma sha ɗaya na rigima suka koya mata tsayuwa a bakin ƙofa ba tare da ta matsa ba.

"Lafiya, Mama?"

"Da lafiya ba za ki gan ni ba. Mijinki yana daina numfashi in yana barci, kin sani?"

"Minshari dai yake yi. In ya dame ki, ki yi haƙuri, ba da gangan ba ne."

"Ba minsharin nake miki magana ba, shirun da ke tsakani. Saurara."

Suka tsaya. Daga ciki zarto na ta aiki, sai ya yanke. Mai Agogo ta sunkuya kan agogonta. Matar ta yi murmushi.

"Kin ji ko? Ai nan ne yake samun hutu. In ya yi shirun nan har hamdala nake yi, na san barci ya yi nauyi."

"Hutu? Wuyansa ne ya rufe, yarinya. Shaƙe shi ake yi, kina hamdala." Gurnanin ya ɓarke. "Talatin da takwas. Ke riƙe numfashinki sakan talatin da takwas mu gani. Ki gaya min, da ciwon kai yake tashi?"

Matar ta waiwaya cikin gidan. "Wani lokaci."

"Bakinsa a bushe?"

"Da gorar ruwa yake kwana."

"Sau nawa yake fita fitsari kafin gari ya waye? Kada ki wahalar da kanki, sau huɗu, ina jin ƙofar. Maganin hawan jini kala nawa yake sha?"

"Uku. Amma, Mama, wannan ai sirrin gidanmu ne."

"Rabonki da ki kwana ɗaki ɗaya da shi fa?"

Nan fuskar matar ta canza. Gaskiyar ita ce shekara shida ke nan da ta koma ɗakin yara don ta samu barci, kuma ba ta so a sani. Da Mai Agogo mai dabara ce da ta tsaya a nan. Amma ba a canza hali da tsufa, sai ta ƙara da cewa, "Kin gudu kin bar shi, ni maƙiyiyarsa ni ke gadinsa."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji matar. "Sau huɗu kina kai mu ƙara a kore mu bai yiwu ba, yanzu kin koma sa kunne a bango kina ƙirga mana fitsari. Ki ji tsoron Allah." Ta rufe ƙofa, har da sakata.

Sha biyu da rabi Mai Agogo tana tsaye a jikin ƙofar bas. Direba ya sauko yana murza jajayen idanu, riƙe da kofin baƙin shayi mai kauri kamar man inji. Ganinta ya sa ya tsaya.

"Iya, matsa min, ina da yara a makaranta."

"Saboda su na tsaya. Malam Direba, ba ka da lafiya. Daga tara da rabi zuwa yanzu numfashinka ya ɗauke sau ɗari da sha huɗu. Ga shi a rubuce."

Ya karɓi kalandar ya juya ta, ya ga lambobi jere da kwanan wata, shafi bayan shafi. Ya ɗago ya dube ta kamar ya ga maciji a takalminsa.

"Wata uku kina zaune kina ƙirga numfashina? Ke wace irin mutum ce? Jira kike ya ƙare?"

"Da jira nake da na yi shiru."

"Shekara ashirin da shida ina tuƙi ko kaza ban taɓa takawa ba. Ni da ko a kan dutse ka ajiye ni, kafin ka juya na yi barci. Wannan shi ne rashin lafiya? Ke da ba kya iya runtsawa, baƙin ciki kike da mai lafiya."

"Wannan barcin da kake taƙama da shi, shi ne ciwon. Mai ƙoshi ba ya wawurar abinci. Ka kwana, ka ƙara da na hantsi, amma yara ne ke tashinka a danja. Shekaranjiya ka hau dakalin titi."

Jijiyar wuyansa ta tashi. "Rami ne."

"Ramin yana cikin maƙoshinka. Ka je asibiti a auna barcinka, ciwo ne mai magani. In ba ka je ba, ni zan je makaranta."

"To nan aka nufa." Ya yi wurgi da kalandar cikin kwata. "Kin nemi raba ni da ɗakina kin kasa, yanzu abincina kike nema. Wallahi in kika taka makarantar nan, ni da ke har abada."

"Dama can da me muke?" Ta matsa, ya hau, ya ja ƙofar da ƙarfi. Ta sunkuya ta tsamo kalandarta tana ɗigar ruwa, ta tsaya tana kallon bayan bas ɗin har ya sha kwana. Ran nan ba ta iya zama ba sai da ta ga jikarta ta sauko da ƙafafunta.

Da yamma 'yarta ta zo ɗaukar yarinyar, ta ji labari, ta dafe kai.

"Inna, don Allah ki fita harkar mutanen nan. Daga gobe ni zan riƙa kai ta da kaina, shi ke nan. Kowa ya san ba kwa shiri, ko gaskiya kika faɗa cewa za a yi sharri ne."

"Sauran ashirin da taran fa? Su daga bishiya aka tsinko su?"

"Iyayensu su ji da su. Mutumin nan yara biyar gare shi, in aka kore shi a kanki zai ƙare."

"Ya ƙare." Mai Agogo ta ƙara da cewa, "Babanki haka yake yi. Ina ji ina toshe kunne da matashi."

'Yar ba ta taɓa jin uwar ta ambaci wannan ba tun rasuwar.

Mai Agogo ta ba shi kwana biyu. Ta ji ta bango yana gaya wa matarsa cewa ko gawarsa ba za ta je asibiti da umarnin wannan tsohuwar ba. A rana ta uku ta goge agogonta, ta shiga motar haya ta tafi makaranta. A hanya ta tambayi kanta ko tana jin daɗin abin da za ta yi masa, ta kuma samu cewa can ƙasan zuciyarta akwai ɗan daɗin, ƙarami amma yana nan. Ta ji kunyar kanta, sai dai kunyar ba ta rage ko sakan ɗaya daga abin da ke cikin kalanda ba.

Shugabar makarantar ta saurare ta da fuskar da ake sauraron masu kawo ƙara. Ashe Direba ya riga ta, ya zo ya ce akwai wata maƙwabciyarsa mai taɓin hankali da ta sa shi gaba.

"Mama, ya gaya mana akwai tsohuwar rigima a tsakaninku," in ji shugabar. "Ba zan iya tsayar da ma'aikaci a kan abin da aka ji ta bango ba."

"Gaskiya ya faɗa. Na tsane shi, shi ma ya tsane ni, kada ki yarda da ni ko kaɗan. Ki aika aji a kira miki duk yaron da kika ga dama cikin masu hawa bas. Ban da jikata. Ki tambaye shi mene ne wasan kore."

Shugabar ta aika aka kira yara uku daga aji daban-daban. Suka shigo a tsorace, da suka ji tambayar suka saki jiki, har suna rige-rigen bayani. Ɗaya ya kwaikwayi yadda kan Baba Direba ke saukowa a hankali, ɗaya ta ce akwai ranar da sai da suka taɓa kafaɗarsa don ihun bai isa ba. Shugabar ta sallame su, ta zauna tana kallon teburinta. Ran nan wani malami ne ya tuƙa yaran gida.

An ce wa Direba ya kawo takardar likita kafin ya sake taɓa sitiyari. Ba yadda zai yi, ya je. Aka ba shi wata 'yar na'ura ya kwana da ita, da ɗan abin matse yatsa da siririn tiyo a hanci. Sakamako ya nuna numfashinsa na ɗaukewa sau arba'in da ɗaya a kowace awa. Likita ya ce daga talatin ma ana kiransa mai tsanani, ya kuma tambayi wanda ya gano, matar ta sunkuyar da kai ta ce wata maƙwabciya ce. Aka ce zai iya komawa tuƙi in magani ya kama shi, amma kafin a kai ga haka wata biyu sun wuce, makaranta kuwa ba ta jiran kowa. Sun ɗauki wani. Direba ya koma wankin motoci a wani gareji, aikin yamma, shi da ya yi shekara ashirin da shida a kan kujerar gaba.

Gidan haya ya juya wa Mai Agogo baya gaba ɗaya. Masu amsa gaisuwarta da ƙyar suka daina amsawa. Aka ce ta ci amanar maƙwabtaka, aka ce dama ta rantse sai ta ga bayansa. Wani ya tsinke mata igiyar shanya. Iyayen yara ashirin da tara kuwa ko sunanta ba su ji ba, an dai gaya musu an canza direba. Wannan bai ba ta mamaki ba, ta saba. Abin da ya dame ta shi ne ƙarƙashin tagarta da ya zama fili. Shekara goma sha ɗaya tana fatan bas ɗin nan ya ɓace, da ya ɓace sai ta riƙa jan labule don kada ta ga wurin.

Zarto dai bai daina ba, don barcin hantsi ya riga ya zame masa jiki. Tana ci gaba da ƙirgawa, a bayan sabuwar kalanda.

Wata Talata da misalin goma, tana guga, ta ji ƙarar gadonsa ya kwanta. Ta jira zarto. Bai zo ba. Ta ajiye dutsen guga ta sunkuya kan agogo. Sakan arba'in. Sittin. Ta manna kunne a katako, babu minshari, babu gurnani, sai wani ɗan huci siriri da ta ɗauka fanka ce. Minti biyu. Ba ta san lokacin da ta fita ba takalmi ba. Ƙofarsu a buɗe take, matar ta sauka tsakar gida wanki. Ta ratsa falon da ba ta taɓa shiga ba, ta banka ƙofar ɗakin.

Yana kwance rigingine, takunkumin roba a hancinsa, tiyo ya tashi daga nan zuwa wata 'yar na'ura a kan kujera, wadda asibiti suka ba shi jiya da yamma, tana hura masa iska don kada maƙoshin ya rufe. Ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka, a hankali, ba gargada. Ta dafa ƙofa. Idonta ya koma kan agogo da kansa.

Ƙarar ƙofar ta tashe shi. Ya buɗe ido ya gan ta tsaye a kansa, ya janye takunkumin.

"Kin zo ki ga ko aikinki ya kammala? To ban mutu ba."

Leɓɓanta na motsi, tana ƙirge.

"Da ke nake. Kin raba ni da motata, kin mai da ni mai wanke tayoyin yara ƙanana. Ba zan yafe miki ba, Iya, ko a gaban Allah."

"Yi min shiru, kana ɓata min lissafi."

Ya bi ta da kallo cikin mamaki. Ta bar allurar agogon ta gama zagayenta.

"Sha shida a minti," ta ce. "Mayar da abin nan hancinka. Kana da sauran shekaru masu yawa da za ka tsane ni a cikinsu."

Ta ja masa ƙofa ta fita. A matakala ta ci karo da matar ɗauke da bokiti, matar ta kau da kai, ita ma ta kau. Ta shiga ɗakinta ta tarar rigar da take gogewa ta ƙone, ta kashe dutsen, ta zauna a bakin gado ta jingina kanta da bangon katako. Siririn hucin na nan, yana shiga yana fita. Ta daɗe tana saurare, hawaye na bin fuskarta, tana ƙirga wa mutumin da ya tsane ta abin da ba ta ƙirga wa wanda ya so ta ba.